Takalman da Ke Ƙofar Bappa

Na san abin da aka gaya muku, ba sai kun ɓoye mini ba. Ni ma da kunnena na ji shi a wani gidan suna a unguwar Luggere, daga bakin wata da ba ta san ina zaune a bayanta ba. Wai an ɗauke Hajiya Dija daga kujerarta ne saboda ta danne takardar aiki, ta ƙi sa hannu, har sai da aka saka sunan bappanta cikin masu karɓar magani kyauta. Ke Maryam kina jami'a a lokacin, na ga yadda kika dawo hutu kina kallona ta gefen ido, kina son tambaya kina jin nauyi. Ban zaunar da ku na yi bayani ba, domin yadda raina yake tafasa a shekarar, da na buɗe baki ba bayani ne zai fito ba. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, hawan jinin da ke bin danginmu ya iso kaina, ni ma ina haɗiyar ƙwayata kowace safiya. Gara in rubuta muku da hannuna, har da wurin da ba na fita fes.

Ku fara fahimtar aikin, don rabin masu maganar gani suke zama kawai nake yi gaban kwamfuta ina shan iskar fanka. Ni ba likita ba ce, ba nas ba ce, ko allura ban iya riƙewa ba. Aikina awo. Idan aka kawo wani shiri na lafiya, aka kashe kuɗi, aka yi watanni ana yi, ni ake miƙo wa takardu a ce in faɗi ko ya yi amfani. Da can tambaya ɗaya ake yi: mutum nawa suka sami magani? In adadi ya hau sai a tafa, a ci shinkafa, a watse. Ni ce na tsaya kai da fata cewa wannan tambayar ba ta isa ba, domin adadi yana iya hawa alhali masu motoci ne suka kwashe maganin, talaka yana gida yana jiƙa sassaƙe. Dole a ƙara ta biyu: su wa suka samu? Sai mu jera gidaje tun daga mafi ƙunci har zuwa mafi wadata, mu kasa su rukuni biyar, mu duba a wane rukuni maganin ya fi sauka. In ya sauka ƙasa, shiri ya yi adalci. In ya tattara a sama, ko an warkar da rabin gari ni a wurina da sauran magana. Na yi faɗa da manya a kan wannan, kuma ina alfahari da shi, alfaharin da ya zo ya yi mini yawa.

Matsalar ita ce a garin nan babu mai gaya maka abin da yake samu a wata. Ɗan kasuwa zai ce kasuwa ba ta tafiya ko da ya sallami mota guda da safe, ma'aikaci zai ce ba a biya ba tukuna. Saboda haka ba mu tambayar kuɗi, gida muke dubawa. Rufin kwano ne ko na ciyawa, daɓen siminti ne ko ƙasa, akwai talabijin, akwai firij, akwai babur, daga ina ake ɗebo ruwa. Kowanne da makinsa, a haɗa, gida ya faɗa rukuninsa. A saman fom ɗin akwai layi guda da ke cewa: mutum nawa ne 'yan gidan nan, ban da baƙi. An sa shi ne tun da can don kada a je gida ranar biki a rubuta 'yan ɗaurin aure. Shekara da shekaru layin nan yana nan bai cuci kowa ba.

Sai ga shekarar gudu. Ku manyan kuna tuna ta. Mutane daga wajen Madagali da Michika da Mubi suna ta kwararowa ta kan gada, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa, ƙafafun sun kumbura kamar an hura. Kowace safiya da jita-jitar da za ta tashe mu, yau a ce an ga maharan a kaza, gobe a ce saura Yola. Babanku ya daina barin tankin mota ya sauka rabi, ni kuma na haɗa takardunku na makaranta a jaka ɗaya na rataye a bayan ƙofa. In taya ta fashe a titi sai ka ga kasuwa ta watse. A cikin wannan hali wasu masu ba da tallafi suka kawo shirin katin magani kyauta. Duk wanda ke sansani zai samu, a cikin gari kuma gidajen da suka faɗa rukuni biyu na ƙasa. Aka ce ofishinmu ya fitar da jerin, bayan wata uku kuma mu rubuta rahoto ko shirin yana kaiwa ga masu buƙata, sai sun ga rahoton za su saki kaso na biyu na kuɗin. Na ɗauko tsohon fom ɗinmu, na karkaɗe shi, na tura ma'aikata gida gida. Layin nan na sama ko kallonsa ban yi ba.

Rahoton ya fito da kyau har na ji daɗi a raina. Maganin ya sauka ƙasa, inda ya kamata. Shugaban sashenmu, Mista Bitrus, mutumin wajen Numan ne, dattijo mai haƙuri wanda ya jure bakina shekara goma sha, ya karanta ya cire tabarau yana murmushi. Saura in sa hannu ranar Alhamis mai zuwa a aika.

Ranar Juma'a na ce bari in shiga Yola daga Jimeta in gaida Bappa Hammanjoda. Ku ƙananan kun san shi yana kwance, ba ku san shi a tsaye ba. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kafe sai na yi boko lokacin da goggonnina suke cewa ya isa haka. Malamin gona ne da ya yi yawancin aikinsa a arewacin jihar kafin ya yi ritaya, babu ƙauyen da bai kwana ba a can. Na yi wata huɗu ban leƙa shi ba, aiki da tsoron hanya, waya kawai muke yi, kullum kuma amsarsa ɗaya ce, jam, lafiya lau. Da na wuce zaure zan shiga cikin gida sai na tsaya. Takalma ne jere a bakin ƙofa, wasu kan wasu, har sun cika lungun da ake ajiye buta. Silifas waɗanda ƙafar dama ba ta san ta hagu ba, wani an ɗaure shi da waya, ƙananan robobi na yara. Halin aiki ya motsa, na fara ƙirgawa ba tare da na yi niyya ba. Na kai talatin da bakwai na daina. Gidan da na sani mutum shida ne.

Na iske matarsa, Inna Dudu, a madafi, tana tuƙa tuwon masara a irin tukunyar nan da ake arowa ranar biki, wata mata doguwa tana riƙe mata tukunyar da tsumma.

"Inna, biki ake yi ba a gaya mini ba?"

"Bikin kullum, Dija. Wannan Maman Saratu ce, mijinta ya yi aiki da bappanki a Michika. Ita ta fara zuwa da yaranta. Sauran suka ji labari."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a cire gyaɗa."

Na dubi tukunyar, na tuna fom ɗinmu. Na tambaye ta ko 'yan ofishinmu sun zo. Ta ce sun zo, da rigunansu masu aljihu, Bappa ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya sa aka kai musu kunun gyaɗa, ita tana jin su ta bayan labule.

"Suka ce mutum nawa, ban da baƙi. Ya ce shida. Suka ce akwai firij, ya ce akwai."

"Firij ɗin da ya mutu tun ina amarya?"

"Ai bai yi ƙarya ba, yana nan. Kayan yaran Maman Saratu ne a ciki. Suka ce an taɓa kwana da yunwa a gidan nan? Ya ce a'uzubillahi, a gidansa?"

Sai ta leƙa tsakar gida, ta jawo ni gefe, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wani ɗan kwalin magani, babu komai a ciki sai gari-gari. Ta ce da farko ya koma raba ƙwayar hawan jininsa biyu da reza, daga baya huɗu. Yau sati biyu ke nan bai sha ba. Ya ce mata kuɗin kwali ɗaya masara ce ta kwana biyu.

Bayan la'asar na same shi a gindin darbejiya yana jan carbi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kun san bakina, ko gaisuwar kirki ban ƙarasa ba.

"Bappa, mutum nawa ne a gidan nan?"

"Dija am," haka yake kirana da Fillanci, wato Dijata, "tambayar da kika taho da ita ke nan daga Jimeta?"

"Don Allah ka gaya mini. Da ka faɗa wa yaran nan gaskiya, da yanzu kai da mutanen nan kuna da kati."

"Gaskiya na faɗa musu. Takardarku ce ta ce ban da baƙi." Ya ci gaba da jan carbinsa. "Ko da ba ta ce ba, ni ban taɓa ƙirga wanda ya shigo gidana ba. Ubanki ma bai taɓa ba. Ranar da na ƙirga su, ranar na gaya musu sun yi mini yawa."

"Maganinka fa?"

Ya dubi wajen madafi, ya dawo da idonsa kaina.

"Ki bar gidana a inda takardarku ta ajiye shi."

A cikin keke napep ina komawa Jimeta nake ta zargin kaina. Ni 'yar Yola, wadda ta tashi a gidan da ba a ƙirga shanu a gaban mutane, ba a ƙirga 'ya'ya, uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, ni ce na aika yara da fom su tsaya a zaure su tambayi dattijo mutum nawa yake ciyarwa, har na ba shi ƙofar fita da hannuna. Da Bature ne ya rubuta layin nan da na yi masa uzuri. Kafin in isa gida na tsaya a kemis na sayi maganinsa na wata uku na aika wa Inna Dudu. Bayan kwana biyu ta kira ni, ta ce ya karɓa, ya sa albarka, ya raba wa tsofaffi biyu daga cikin baƙin da ke da irin ciwonsa. A nan na gane ba zai haɗiyi ƙwaya ɗaya ba muddin akwai wanda ke ƙarƙashin rufinsa bai samu ba.

Ranar Litinin na ciro fom ɗinsa. Rukuni na biyar, na ƙololuwa, tare da alhazan da ke da motoci uku. Na ciro na Luggere, na Demsawo, na cikin Yola, na riƙa kiran waɗanda na sani ina bugun cikinsu. Malaman makaranta, fastoci, limamai, tsofaffin masinjoji, duk masu rufin kwano da daɓen siminti. Ashe abin a fili yake, ni ce ban gani ba: wanda ya gudo ba ya sauka a bukka, gidan da ke da ɗakuna yake nema. Gidajen da suka fi kowa shiga matsi a shekarar su ne ma'aunina ya ɗora a sama, mutanen da ke kwance a tsakar gidajensu kuwa ba sa sama ba sa ƙasa, babu su kwata-kwata. Rahoton da nake taƙama da shi ya ce an yi adalci ne kawai don bai ga waɗanda aka bari ba.

Na kwashi takardun na shiga wurin Mista Bitrus. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Madam, ripot ɗin nan ba ƙarya a ciki. Abin da fom ya tambaya, shi mutane ya amsa."

"Fom ɗin ne ƙarya, yallaɓai."

"Na sani. Kina tsammani ban sani ba? Gidana a Demsawo mutum ashirin ne yanzu, 'yan cocinmu daga arewa. Yaranki sun zo, na ce mu biyar ne." Ya goge fuska da hankici. "Amma ki ji. In ba ki sa hannu ran Alhamis ba, kuɗi ba zai sauka ba. Kilinik na sansani a wajen Damare, maganin wata ɗaya ya rage musu. Ki sa hannu, shekara mai zuwa mu gyara."

"Wa zai yarda a gyara abin da muka rubuta da hannunmu cewa daidai yake? Jerin baɗi a kan wannan rahoton za a gina shi."

"To. Amma za su ce saboda bappanki ne."

Na buɗe baki zan yi masa irin tawa, sai ya ɗaga hannu.

"Ba saboda shi ba ne?"

Ga wurin da na ce muku ba na fita fes. Da ba ƙofar Bappa ba ce, da ban tsaya ƙirga takalma ba. Na wuce ƙofofi nawa a Luggere a watannin nan, cike da takalma, ina sauri zan tafi ofis? Wannan gaskiya ne, masu gulma ba su ƙirƙiro shi daga iska ba. Abin da suka ɓata shi ne cewa sunansa nake nema. Sunansa kaɗai ai da biro zan saka, babu mai sani, kuma da ya yayyaga katin.

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. In na rufe ido sai in ga layin mata a ƙofar kilinik ɗin Damare, in na buɗe sai in ga reza da ƙwaya. Waɗancan suna da kati a hannu, maganinsu tabbas ne in na sa hannu. Waɗannan ba su da komai, kuma babu tabbacin za a saurare ni in na ƙi. Na yi shekaru ina koya wa mutane yadda ake auna adalci, ga shi an ɗora mini mutane a hannu biyu na rasa wanne ya fi nauyi. Babanku ya ce in yi istihara, na yi, na tashi da fargabar da na kwanta da ita. Ranar Alhamis na mayar wa Mista Bitrus rahoton babu sa hannu, da shafi biyu a sama ina bayanin kuskuren, na rubuta ƙarara cewa kuskuren nawa ne. Na nemi a ba mu lokaci mu sake awo. Ya karanta, ya sa nasa hannun a ƙarƙashin bayanina, abin da ban roƙe shi ba.

Masu tallafin suka ce to, amma kuɗi sai sabon rahoto. Sai tambaya ta koma yadda za a auna gidan da maigidansa ba zai ƙirga ba. Inna Dudu ce ta ba ni hanya ba da saninta ba, da tukunyar bikin nan. Na ce a daina tsayawa a zaure. Na tattara ma'aikata mata, na ce ku shiga har madafi, kada ku tambayi mutum nawa, ku tambayi mai girki mudu nawa take ɗorawa bara war haka, mudu nawa take ɗorawa yau, kuma tukunyar tata ce ko aro ce. Mace ba ta jin kunyar wannan, dariya ma take yi, ta ce ke dai bari, da mudu biyu ne, yanzu takwas ba ya kai mu dare. Ba a ƙirga kowa ba, ba a ci fuskar kowa ba. Inda tukunya ta ninka, sai a koma a rubuta baƙin ta bakinsu, kowace uwa da 'ya'yanta a matsayin gida mai zaman kansa, ba a matsayin nauyin wani ba. Aikin ya ci sati bakwai, kowace safiya ina duba kalanda kamar mai jiran haihuwa.

A sati na biyar maganin Damare ya ƙare. Na je da kaina, don na ga bai kamata in ji daga nesa ba. Nas ɗin wurin, wata 'yar gajeruwa mai zafin nama, ta dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, ke ne mai riƙe da takardar?"

Na ce ni ce. Ta buɗe mini kabad, babu komai sai farasitamol da auduga.

"Akwai wani mama, mai ciwon suga, da katinta. Sau uku tana zuwa da ƙafa daga can ƙarshen sansani. Na ce ki dawo, ki dawo. Yanzu ba ta zuwa."

Na tambayi sunanta, ta ce littafin yana wurin wanda ya tafi hutu, kuma mutane suna ta tashi suna komawa wurin dangi. Na koma sau biyu ina nema, ban same ta ba. Ban sani ba ko ta sami magani a wani wuri, ko ta koma garinsu, ko wani abu ne daban.

A sati na shida Bappa ya faɗi a zaure yana dawowa daga sallar azahar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. A asibiti likita ya tambayi yaushe rabonsa da magani, Inna Dudu ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Na riƙe takarda don in cece shi da irinsa, ga shi takardar ba ta iso ba, can kuma na bar kabad babu komai. A ranar na ji da ma na sa hannun na huta, ba zan ɓoye muku ba.

Sabon rahoto ya tafi, kuɗi ya sauka, aka faɗaɗa jerin. Gidaje da yawa a Jimeta da Yola suka sami kati, har da na Mista Bitrus. A satin ne kuma ya kawo mini takardar canjin wurin aiki da kansa, zuwa ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, yana ta kauce wa idona. An ce wani ne ya kai ƙara sama cewa na jinkirta kuɗin jama'a don dangina. Ban yi gardama ba, kabad ɗin Damare ya rufe mini baki. A can na ƙarasa shekaruna har na yi ritaya.

Ni na kai katunan gidan Bappa da hannuna. Yana kwance a kan tabarma a ɗakinsa, an jingina shi da filo. Na raba wa baƙin nasu, na ajiye nasa a gabansa. Rukunin yana rubuce a jiki, na ɗaya, na can ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa. Da ƙyar maganar ta fito, harshen ya yi nauyi.

"Ke... kika ƙirga mini baƙi?"

"Tukunya aka tambaya, Bappa."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna ina jira, don na san in ya ƙi a yau ya ƙi ke nan, kuma likita ya ce faɗuwa ta biyu ba ta da kyau. Sai Maman Saratu, wadda tun zuwanta gidan ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta fita tsakar gida. Na ji tana magana da matan da yarensu. Ta dawo da katunan duka a bakin zanenta, ta durƙusa, ta zube su a kan tabarmar kusa da nasa.

"Baba, in kai ba za ka karɓa ba, mu ma ba za mu karɓa ba."

Bai juyo ba.

"Kana tsammani mu ba mu da kunya ne? Ni ma ina da gida, Baba, ina da rumbu biyu, ni ke ba mutane. Wata bakwai kullum da kunya nake cin tuwonka. Amma ina ci, saboda yara. Yau kai ma ka ci naka kunya."

Can sai na ga hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana lallubawa a kan tabarma. Ya taɓa katunan ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga nasa, ya ja shi ya tura ƙarƙashin filo. Inna Dudu ta fita da sauri tana rufe baki da mayafi.

Ya yi shekara biyu da wani abu bayan nan, yana shan maganinsa cikakke, ba rabi ba. Bai sake taka ƙafarsa zuwa masallaci ba. Yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka in zan tafi, amma bai sake ce mini Dija am ba har ya koma ga Allah. Maman Saratu ta zo ta'aziyya tun daga Michika, da buhun masara a kan mota.

Wannan shi ne abin da ya faru, ku riƙe shi yadda yake, kada ku wanke ni fiye da yadda na wanke kaina. In wani ya sake ce muku saboda bappanta ne, ku ce masa eh, ƙofarsa ce ta buɗe mata ido, kuma ta makara. Kuna yi mini dariya wai duk gidan da muka je sai na sunkuya a bakin ƙofa kamar wadda ta yar da kuɗi, jikokina har kwaikwayona suke yi. Takalma nake ƙirgawa, na kasa dainawa. Kuma kowane lokaci, in na gama na ɗago, sai in ji kamar da sauran takalmi ɗaya da ban gani ba, na wata mata mai ciwon suga da ta zo da ƙafa sau uku, da katinta a hannu.